Mutum ɗaya tal cikin 1,933

(Wani likita ɗan unguwarmu ne ya gabatar da wannan lacca bayan sallar isha'i a wani zaure da ke Shara Mansur, a Makka. Na kwashe ta daga abin da aka naɗa a waya, na cire gaishe-gaishen farko.)

To iyayena da 'yan'uwana, ɗazu da na shigo na gaisa da mutum ya fi talatin, kowa na ce masa ina gajiya, ya jiki, sai ya ce lafiya lau. Ban ƙaryata kowa ba, haka aka koya mana gaisuwa. Amma da zuciyoyinku na tambaya, ba bakunanku ba, na tabbata amsar za ta bambanta. Abin da ya tara mu ke nan: a cikin manya ɗari, mutum nawa ne zuciyarsa take da lafiya ta gaskiya?

Kafin 2010 likitoci mun fi iya ƙidayar marasa lafiya. A shekarar ce Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a juya lissafin, a fayyace wane ne mai lafiyar. Ta kawo ma'auni bakwai. Huɗu hali ne na mutum: ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana cin abinci mai kyau, nauyinsa ya dace da tsayinsa. Uku kuma lambobi ne da sai an gwada: hawan jini ƙasa da 120 bisa 80, suga ƙasa da 100 in mutum ya kwana bai ci komai ba, kitsen jini da muke kira kolestarol ƙasa da 200. A 2022 suka ƙara na takwas, wato barci, awa 7 zuwa 9 ga baligi.

Na ga Baba Alhaji yana lissafi da yatsu. Baba, Allah ya ja kwana, nawa ka samu?

(Dariya. Aka ji murya ta ce: "Taba dai ban taɓa sha ba.")

Madalla, ka samu ɗaya ke nan, kuma babba ce. Kada ka ji kunya. Da aka fito da ma'aunin nan, masu bincike a yankin birnin Fitsbag na Amurka sun auna mutum 1,933, yawancinsu masu matsakaicin shekaru da dattawa, suka buga sakamakon a 2011. Kun san nawa suka cika bakwai ɗin? Mutum ɗaya. Ba kashi ɗaya cikin ɗari ba, mutum ɗaya tal. Ko bayan da aka sassauta lissafin a 2022 aka koma ba da maki, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar a Amurka ya kai matakin da ake kira mai kyau. Ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a kan asibiti ke nan.

Mu dawo gida. A 2013 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta yi bincike gida-gida a faɗin ƙasar. Aka samu kashi 15 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa sama suna da hawan jini, kusan kashi 29 kuma ƙiba ta yi musu yawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin masu hawan jinin nan, fiye da rabi ba su ma san suna da shi ba. Wannan lissafin 'yan ƙasa ne, masu asibitin gwamnati a buɗe gare su. To ina ga ɗan'uwanmu da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ko ba shi da ta'amin, wato inshorar lafiya, wanda ba ya zuwa asibiti sai an ɗauko shi ranga-ranga?

Bari in ba ku labarin mutum ɗaya, ba zan faɗi sunansa ba. Direba ne, tsakanin Jidda da Makka yake jigila. Ya zo ne don rakiyar matarsa, ba don kansa ba. Na ga yana ta murza ƙeya, na ce Malam miƙo hannu. Na ɗaura masa na'ura, ta nuna 190 bisa 110. Na ce ya huta, na sake, kusan haka dai. Ya dube ni ya ce, "Likita, ni fa ko zazzaɓi ban yi ba shekara goma." Gaskiya ya faɗa. Hawan jini, ko dagaɗ kamar yadda Larabawa ke kiransa, ba ya sallama. Kamar gara yake, tana cin azara ta ciki alhali daga waje ɗaki yana tsaye. Na tambaye shi yadda yake wuni. Ya ce yana zama a mota awa goma sha biyu, karin kumallo tamis da ful da shayi mai cokali huɗu na suga, da rana shinkafa da kaza na leda da lemon gwangwani, da dare kuma tuwo ƙarfe ɗaya. Barci sai bayan asuba, awa huɗu. Wanne ne a cikin wannan baƙon abu a gare ku?

Nan nake so in ɗan daɗe, don iyayenmu da suka zo ƙasar nan ba haka suka rayu ba. Wasunsu da ƙafa suka ratso Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya suna noma kafin su hau jirgin ruwa a Sawakin. Abincinsu gero ne da dawa, miyar kuka da kuɓewa. Mu jikokinsu mun riƙe tuwon, mun ƙara masa kabsa da mandi da soyayyar kaza, sannan muka ajiye tafiyar. Zafi ya kore mu cikin ɗaki, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙe mu. Baƙala, wato shagon unguwa, tana bakin layi, amma sai a aiki yaro. Ba zagi nake yi ba, ni ma a watan Yuli ba na son fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na tafiya mai ɗan sauri a mako ya wadatar, wato rabin awa sau biyar. Mu kuwa Allah ya ba mu abin da mutane ke biyan dukiya su zo su yi. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya kai kusan kilomita 3. Alhaji daga Kano mai shekara saba'in yana yinsa, mu da muke maƙwabtan Harami sai azumi ya zo. Wanda ba zai iya zuwa can ba, ya daina zuwa masallacin da ya fi kusa, ya je na gaba da shi.

Yanzu iyayena mata, ku yi haƙuri, zan shiga kicin. Gishirin da aka yarje wa mutum a yini bai kai giram 5 ba, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke ɓoye cikin burodi da cuku da zaitun na gwangwani. Hajiya, dunƙule nawa kike sakawa a miya?

(Wata murya daga sashen mata: "Gwargwadon tukunya.")

Gwargwadon tukunya! To kowane dunƙule, kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne, sannan a ƙara gishiri a kai, sannan maigida ya barbaɗa yaji, shi ma da gishirinsa. Ban ce a yi miya lami ba, kar a ce likita ya raba aure. A rage kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da tafarnuwa da citta. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Tsire kuwa, wanda 'yan Makka suka karɓa daga hannunmu suke kira siriya, ban hana ba. Kitsen ne dai a bar wa mai tukuba.

Suga ba sai na faɗa ba, babu gidan da ke nan da ba shi da mai ciwon. Gwangwani ɗaya na lemo yana ɗauke da kusan cokalin shayi tara. Gwamnati ta gani, shi ya sa a 2017 ta ɗora harajin kashi 50 a kan lemon kwalba, kashi 100 a kan taba da abubuwan sha masu ƙara kuzari. Kuɗi ya hau, matasanmu ba su daina ba. Kuma masu cewa shisha ba taba ba ce don hayaƙin ya bi ta ruwa, ruwan sanyaya shi kawai yake yi, ba ya wanke shi.

Wani zai ce, in a cikin kusan dubu biyu mutum ɗaya ne ya ci jarrabawar, ni me zan wahalar da kaina? Ai ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce. Binciken da aka yi ana bin mutane shekara da shekaru ya nuna duk ma'auni ɗaya da mutum ya ƙara, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana raguwa. Mai huɗu ya fi mai biyu nesa ba kusa ba. Direban nan har yau bai cika takwas ba, barcinsa ma bai gyaru ba. Amma yana shan maganinsa, ya koma cokali ɗaya a shayi, kuma zuwansa na ƙarshe na ga 135 bisa 85.

Abu ɗaya kuma kada a yi wasa da shi. In mutum ya ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse, yana gumi, ciwon yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ko bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, to a yi masa addu'a a hanya, ba a ɗaki ba. A kira 997, lambar motar asibiti, nan take.

Na'am, Malam, tambayarka?

("Likita, dabino fa? Ai sunna ne.")

Sunna ne, Allah ya gafarta Malam, kuma ya fi alewa. Amma uku da gahawa daban, faranti guda daban, musamman ga mai suga. Ga na'urorin awon hawan jini biyu can bakin ƙofa, ta maza a dama, 'yar'uwarmu nas tana wajen mata. Wanda ya sha shayi ko ya ci goro yanzu ya jira rabin awa. Baba Alhaji, da kai za mu fara, naɗe hannun riga.