Amsoshin Tambayoyinku: Hayaƙin mota da ɗumamar yanayi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani direban tasi ne a Mararaba, kusa da Abuja. Ya ce: "Kullum ana cewa motoci na ɗumama duniya. Ni da 'yar motata ɗaya, me zan ƙara?"

Malam direba, Allah ya tsare hanya. Duk litar fetur da injinka ya ƙona tana sakin iskar kabon wajen kilo 2.3. In kana shan lita 20 a rana, kilo 46 ke nan, saura kaɗan ya kai buhun siminti, kuma kullum ta Allah. Iskar nan ba a ganin ta, ba ta wari, sama take taruwa ta riƙe zafi kamar bargo. To ka tuna safiyar Litinin tsakanin Nyanya da shataletalen AYA a Abuja, mota na shinshinar mota, injuna na cin mai, ba gaba ba baya. Shi ya sa sufuri ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon da duniya ke fitarwa wajen ƙona makamashi.

Ina da roƙo gare ka. Kada ka yarda a cire maka abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Ƙarafa masu tsada da ke cikinsa ake so. Gaskiya ba ya rage kabon, amma shi ke tace gubar hayaƙi, kuma yarinyar da ke ratsa go-silo da farantin gyaɗa a ka, ita ke shaƙar abin da salansarka ta fesar tun safe har yamma. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Sai wata ma'aikaciya daga Kubwa, tana son mayar da motarta ta gas ɗin CNG, amma tana tsoron fashewa.

Hajiya, tsoronki na kan hanya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin tarayya ta fito da shirin CNG, jama'a suka raja'a a kai saboda arha. Yana rage kabon da misalin kashi ɗaya cikin biyar in an gwada da fetur, baƙin hayaƙi ma ya ragu sosai, ko da yake shi ma daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi. Ki sani ba gas ɗin girki ba ne. Matsa shi ake yi da ƙarfin gaske, ninkin matsin tayar motarki sau da dama, don haka tukunyarsa ta musamman ce. Motar da ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoban 2024, tukunyar da mai walda ya harhaɗa ce aka sa mata. Ki je cibiyar da hukuma ta tantance, ki nemi takardar tukunyar ki gani da idonki. Za ki rasa wani ɓangare na but ɗin mota saboda tukunyar, layin shan gas ma wani lokaci sai haƙuri.

Ta ƙarshe, wani ɗalibi daga Gwagwalada ya ce: "Motar lantarki a ƙasar da ba wuta?"

Ɗan'uwa, in da janaretan dizal za a yi cajin, hayaƙin ne kawai ya sauya wuri. Amma wutarmu yawancinta daga gas take, da madatsun Kainji, Jebba da Shiroro, saboda haka cajin da aka yi da ita ya fi fetur tsabta. A ƙasar Nowe da ke Turai, wajen tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir ne. Mu a ganina keke da babur da bas ya kamata mu sa a gaba, don su talaka ke hawa, kuma ƙaramin batir na caji ko da hasken rana. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a birnin Gilasgo a 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙinta, wato kabon da take fitarwa ba zai wuce wanda ake janyewa daga iska ba. Jirgin ƙasan cikin Abuja da aka farfaɗo da shi a Mayun 2024 yana zuwa Idu da filin jirgin sama da Kubwa, amma bai leƙa Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani.