Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ƙaramin jirgi mai filafili ke kasa tunkarar iska idan ta yi ƙarfi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Accra. Wasiƙun da muka ware yau duka sun shafi ruwa ne, kuma wadda za ta ci mafi yawan lokacinmu ta fito daga wani matashi mazaunin Nima. Ya ce shi da abokinsa sun haɗa kuɗi sun sayi tsohon ƙaramin jirgi mai filafili biyu, wato irin wanda iska ke turawa ba inji ba, suna fita da shi teku a wajen Tema. Idan iska na kaɗawa a hankali jirgin yana bin hannunsa, amma da zarar ta tsananta da rana, musamman a watannin Yuli da Agusta, sai jirgin ya kwanta gefe guda, sandar tuƙi ta yi masa nauyi, kuma duk yadda ya ɗaure igiyoyi ba ya iya matsawa zuwa inda iskar ke fitowa. Yana so ya san ko laifin jirgin ne ko nasa.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Da farko dai babu jirgin filafili da ke shiga cikin iska kai tsaye. Ƙaramin jirgi irin naku, idan komai nasa daidai yake, yana iya kusantar iska da misalin digiri 45, wato rabin kusurwar ɗaki, shi ya sa mai son zuwa inda iska ke fitowa yake saƙa hanya, ya yi dama ya dawo hagu, kamar mai hawan tudu da kaya a ka. Sannan wurin da kuke fita yana da nasa hali. A gaɓar tekun Ghana iska ta fi zuwa daga kudu maso yamma, ruwan teku kuma yana gangarawa gabas ne, saboda haka wanda ya tashi daga Tema ya nufi Teshie ko Jamestown yana kokawa da iska da ruwa a lokaci guda. Wani ɓangare na abin da kake ɗauka gazawar jirgi ne, ruwan ne ke mayar da kai baya.

Amma babban dalilin shi ne ƙarfin da ke kan filafilinka ya fi abin da jirgin zai iya ɗauka. Matsin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun iska ya ninka sau biyu, misali daga kilomita 18 a awa zuwa 36, matsin da take yi wa filafili yana ninkawa sau huɗu. Nauyinka da na abokinka kuwa bai ƙaru ba. Jirgin sai ya kwanta, kuma jirgin da ya kwanta yana neman juya goshinsa cikin iska da kansa, kai kuma kana jan sandar tuƙi don ka hana shi. Wannan nauyin da kake ji a hannunka, allon juyawa ne da ke bayan jirgi ya gicciye a cikin ruwa ya zama birki. A lokaci guda allon da ke sauka ƙarƙashin cikin jirgi, wanda aikinsa shi ne hana jirgi zamewa gefe, ya karkata shi ma, ba ya riƙe ruwa kamar da. Goshin jirgi na kallon inda kake so, amma jirgin kansa yana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. Ka waiwaya ka dubi sawun da kuke bari a kan ruwa: idan bai fito daga bayan jirgi a miƙe ba, ya karkata zuwa ɓangaren da iska ke fitowa, to zamewa kuke yi.

Maganin kuwa rage ƙarfi ne, ba ƙara ɗaure igiya haka kawai ba, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke kuskure. Filafili yana da tumbi, kuma zurfin tumbin nan shi ne ƙarfinsa. A iska mai sauƙi ana son tumbi, a iska mai ƙarfi ana son filafili ya miƙe ya zama kusan shimfiɗaɗɗe. Ka ja igiyar da ke miƙe gindin babban filafili a kan sandar kwance har sai ka ga ƙyallen ya fara yin layi a tsawon sandar. Ka ja wadda ke jan gabansa ƙasa a jikin jigo, wato doguwar sandar da ke tsaye tana ɗauke da filafili, domin iska mai ƙarfi tana tura tumbin baya, wannan igiya kuma ita ce ke dawo da shi gaba, ta kuma bar saman filafilin ya buɗe. Idan jirginku yana da abin lanƙwasa jigo, ko waya ce daga ƙololuwarsa zuwa bayan jirgi ko igiyar da ke danne sandar kwance ƙasa, ka yi amfani da shi, don jigon da ya ɗan lanƙwasa yana shanye tumbin tsakiyar filafili.

Akwai wuri ɗaya da nake zargi fiye da sauran a tsohon jirgi, wato wayar gaba da ƙaramin filafili ke rataye a kanta. Wata rana iska na kaɗawa, ka ba abokinka sandar tuƙi, ka ɗaga kai ka bi wayar nan da ido daga ƙasa zuwa sama. Idan ka ga ta yi baka zuwa gefe, to ƙaramin filafilin ya zama buhu, kuma jirgin da filafilinsa na gaba ya zama buhu ba zai kusanci iska ba ko wane ne ke tuƙa shi. A ɗaure wayoyin da ke riƙe jigo, a ja igiyar ɗaga filafilin da kyau tun kafin a bar gaɓa. Bayan haka ka matsar da zoben da igiyar ƙaramin filafili ke bi ta cikinsa zuwa baya kaɗan, rami ɗaya ko biyu, yadda ƙasan filafilin zai miƙe, samansa ya buɗe ya zubar da iskar da ta yi yawa. Iskar sama ita ce ta fi kwantar da jirgi, domin tana da dogon hannu a kansa.

Sai kuma tuƙin kansa. Ku zauna kusa da juna a tsakiyar jirgi, a ɓangaren da iska ke bugowa, ku miƙa jikinku waje gwargwadon iko, kuma igiyar babban filafili ta kasance a hannunka, kada ka ƙulle ta. Guguwar iska tana nuna kanta kafin ta iso, za ka ga fuskar ruwa ta yi duhu tana matsowa. Kafin ta buge ku ka sassauta igiyar kaɗan, ka bar goshin jirgi ya ɗan leƙa cikin iskar, idan ta wuce ka sake ja. Ka liƙa 'yan zaren ulu a gefe biyu na ƙaramin filafili kusa da gabansa. A iska mai ƙarfi babu laifi idan zaren da ke ɓangarenka yana ɗagawa sama lokaci-lokaci, amma na bayan ƙyallen ya kamata ya miƙe sambal.

Ina so in ja kunnenka game da cusa goshin jirgi cikin iska fiye da kima, domin sauri kan haifi nawa. Mu ɗauki misali da lissafi. Jirgin da ke gudun kilomita 9 a awa a kan digiri 45, ainihin ci gaban da yake yi zuwa inda iska ke fitowa ya kai wajen kilomita 6.4 a awa. Wanda ya matse zuwa digiri 35, gudunsa ya faɗi zuwa kilomita 6.5, ci gabansa bai wuce wajen 5.3 ba, kuma ba mu lissafa zamewar da zai ƙara yi ba, tunda allon ƙasa sai da gudu yake riƙe ruwa. A teku mai igiyar ruwa irin tamu abin ya fi muni, kowace igiya ta mari goshin jirgi sai ta tsayar da shi. Ka fara samun gudu tukuna, sannan ka matsa a hankali. Idan duk wannan bai hana jirgin kwanciya ba, ku naɗe wani sashe na babban filafili. Na san matasa na ganin wannan kamar gazawa ce, amma jirgin da aka rage wa filafili ya miƙe tsaye yakan wuce wanda ke ɗauke da cikakken filafili yana kwance. An fi samun sauƙin naɗewar a gaɓa fiye da a tsakiyar ruwa, kuma ina roƙonku kada ɗayanku ya shiga jirgin nan ba rigar ceto a jikinsa.

Wasiƙa ta biyu daga wani kafinta ce a Ashaiman, wanda ke tambaya ko ƙara wa allon ƙasa tsawo zai taimaka. Maigida, ban ba ka shawarar haka ba. Dogon allo yana ƙara wa jirgi tuntuɓe a iska mai ƙarfi, shi ya sa masu tsere da ƙananan jirage suke ɗan ɗaga nasu idan iska ta tsananta, abin da ke rage nauyin sandar tuƙi kuma. Aikin da hannunka zai fi amfani a kai shi ne gyara bakin allon idan ya farfashe, cike gibin da ke sa shi girgiza a cikin gidansa, da kankare ƙananan halittun teku masu ɓawo da gansakuka da suka manne a ƙarƙashin jirgin. Ka kuma duba filafilin, domin ƙyallen da ya sha rana da gishiri yana saki, kuma idan mafi zurfin tumbinsa ya koma bayan tsakiya ya ƙi dawowa duk da jan igiya, to sai ɗinki ko sabo.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Mamobi, tana tambaya yadda masuntan Jamestown da Chorkor suke yi a da, kafin injin ya yawaita, alhali kwalekwalensu ba shi da waɗannan na'urori. Hajiya, kwalekwalen da ake sassaƙawa daga gungumen itacen wawa ba shi da allon ƙasa, saboda haka ba a yi shi don tunkarar iska ba, idan aka matsa masa zamewa gefe zai yi. Masuntan sun dogara ne da ƙarfin damtse da kuma sanin lokaci. Da daddare zuwa asuba ƙasa tana hucewa fiye da teku, iska ta fito daga tudu zuwa ruwa, da rana kuma ƙasa ta ɗau zafi, iskar ta juyo daga teku zuwa tudu, sai a fita da ta farko a dawo da ta biyu. Ɗan'uwanmu na Nima ma zai iya aron wannan dabara: ya nufi yamma, wajen Teshie ko Jamestown, da sassafe kafin iskar rana ta tashi, idan ta tsananta sai ya juya ya nufi Tema tana tura shi daga baya, ruwan ma yana tafiya tare da shi.