Laccar Agege: Ina Dolfin Yake Zuwa In Ya Bar Tsibiri?

To jama'a, na baya ku ɗan matso. Dolfin dai ba kifi ba ne, haihuwa yake yi ya shayar da nono, kuma dole ya leƙo saman ruwa ya shaƙi iska. Wannan leƙowar ita ce ta ba masu bincike dama, da ya fito sai su ɗauki hoton fiffiken bayansa, don kowanne da irin yankansa da tabonsa, kamar yadda ake gane mutum da tsagar gidansu. A Sarasota ta Amurka tun 1970 ake bin dolfin ɗin wajen, har an san uwa an san 'ya an san jika. Wasu kuma ana liƙa musu 'yar na'ura tana turo inda suke ta tauraron ɗan adam, sai dai tsada, kuma ba ta daɗewa take faɗuwa.

Yanzu ku ji abin da aka gani a tsibiran Hawai na Amurka. Kowa zai ɗauka dabbar da ke da teku gaba ɗaya yawo za ta yi ta yi, ashe wani irin dolfin mai dogon baki da ke can kusan kowane garke yana manne da tsibirinsa ne, da ƙyar ake ganin wanda ya tsallaka ruwa mai zurfi ya koma wani. Alhaji ka ga matsalar ko? In raga ta cinye na tsibiri ɗaya, kar a zauna jiran na maƙwabta su zo su cike gurbin, ba lallai su zo ba. Shi ya sa ni lissafin dunƙule ɗin nan na "ai suna da yawa a teku" bai gamsar da ni, a ƙirga garke-garke.

Namu na Afirka ta Yamma mai tozo a baya, tun 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu dab da ƙarewa, ana ƙiyasin ba su kai 3,000 ba daga Yammacin Sahara har Angola. Shi bakin gaɓa yake so, ruwa mara zurfi, daidai inda masunta ke shimfiɗa raga, in ya sarƙe bai samu ya fito ya yi numfashi ba shi ke nan. Ana samunsa a tsibiran Bijagos na Gini Bisau da Salum ta Sanagal.

Masu hawa jirgin ruwa zuwa gaɓar Tarkwa Bay a nan Legas, in Allah Ya sa kun ga ɗaya ku ɗau hoton fiffiken, ku riƙe rana da wurin, ku kai wa cibiyar binciken teku ta NIOMR, tana nan Victoria Island. Malam a can baya ya ɗaga hannu, bismillah.