Sharhi: Yadda ake gano masu rawa a zanen Oscar Howe

Jama'a masu sauraro, wanda ya fara ɗora ido kan zanen Oscar Howe na 1960, wato Rawar Fatalwa, jan launi kawai zai gani yana murɗawa kamar wutar daji. Masu rawar na ciki, sai dai a san yadda ake nemo su.

Howe ɗan ƙabilar Dakota ne, cikin 'yan asalin Amurka. An haife shi a 1915 a yankin Crow Creek na jihar Dakota ta Kudu, ya rasu a 1983. A 1958 gidan zane na Philbrook da ke Tulsa ya ƙi karɓar wani aikinsa a gasa, wai bai yi kama da na 'yan asali ba. Ya mayar musu da wasiƙa mai zafi, daga baya aka sassauta ƙa'idojin.

Kuskuren alƙalan nan har yau ana yin sa. Da an ga siffofi a tsattsage, sai a ce ai kwaikwayon Picasso ne, shahararren mai zanen nan ɗan Sifen. Howe ya musanta. Ya ce ɗigo-ɗigo yake fara sawa a takarda, sannan ya haɗa su da layuka kamar saƙar gizo-gizo, dabarar da ya danganta da al'adar Dakota.

To, a ja da baya kamar taku uku. A fara neman kawuna, domin duhun gashi ya fi saurin fitowa cikin ja. In an samu kai, a bi layin da ya sauko daga kafaɗa, a ga inda jiki ya karkata. Layukan da suka wuce iyakar jiki motsi ne, ba ado ba. Rawar Fatalwa kanta rawar addini ce ta 'yan asalin Amurka, a da'ira ake yin ta, hannu riƙe da hannu, ana jan ƙafa zuwa hagu. Ta bazu ne daga wa'azin Wovoka, wani jagoran addini ɗan asalin Amurka, a 1889, kuma fargabar da ta jefa hukuma ciki na daga abin da ya kai ga kisan kiyashin da sojoji suka yi wa 'yan ƙabilar Lakota, dangin Dakota, a Wounded Knee ranar 29 ga Disamba, 1890. Wanda bai san wannan ba, ja dai zai ce ja ne.

Sai batun takardar. Howe ya fi aiki da fentin da ake haɗawa da sinadarin madara, amma galibin abin da ke hannun mutane ba asalin zanen ba ne, bugun inji ne. A sa gilashin ƙara girma: in aka ga ƙananan ɗigo na launi huɗu, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, hoton zanen aka buga. Irin wannan tawada ba ta jure rana. Ja da rawaya ke fara kodewa, shuɗi ya rage. Bugun da ya daɗe rataye kusa da taga, wutar da Howe ya zana tana komawa kamar toka.