Ƙurajen da ke barin ɓawo mai kama da zuma a fuskar yaro

Assalamu alaikum, iyayenmu mata na unguwannin Nima da Mamobi a Accra. Ku dubi fuskar yaranku da kyau, ko za ku ga irin wannan ciwon. Ƙananan ƙuraje ne a gefen hanci da baki. Sun ɗauki ruwa, sun fashe, sun bushe, suka bar ɓawo rawaya kamar busasshiyar zuma. Likitoci na kiran wannan ciwo imfetaigo. Bakteriya iri biyu ne ke kawo shi, Staphylococcus aureus da Streptococcus pyogenes, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5.

Sauro ya ciji yaro, ko ƙurajen zafi su fito masa, ya sosa da farce, fata ta ɗan buɗe, shi ke nan cuta ta samu hanya. A gidan haya inda yara ke wanka da soso ɗaya da tawul ɗaya, kafin sati ya zagayo ya kama ƙannensa.

Ki jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi da sabulu, ki ɗora kan ɓawon har ya yi laushi, sannan ki goge a hankali. Kada ki ɓantare shi da ƙarfi. Ki yanke masa farce, ki ware masa tawul nasa. Sai ki ɗauki katin inshorar lafiya ku tafi asibitin Mamobi ko asibitin yara na Princess Marie Louise. Idan wurin bai yi faɗi ba, yawanci man shafawa ake rubutawa, mupirocin ko fusidic acid, na kwana 5 zuwa 7. Idan ya bazu ko da zazzaɓi, sai a ba da na sha. Ki cika kwanakin ko da fuskar ta washe.

Don Allah, Hajiya, kada ki shafa masa man nan na kasuwa mai sinadarin sitiroid. Wannan ne ya fi damuna. Jan wurin zai ragu, ki ɗauka sauƙi ya samu, alhali man ya raunana kariyar fatar, cutar tana ci a ƙasa. Toka da man goge baki ma a bar su.

Ya zauna gida kwana 2 bayan fara magani kafin ya koma makaranta.

Bayan ya warke, ki ci gaba da lura har sati 6, domin wani lokaci ciwon yakan taɓa ƙoda. Idan fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi, ko ya tashi da safe idanunsa a kumbure, a kai shi asibiti a ranar.