Gara Ta Cinye Kwalin Beano: Hirarmu Kan Tsoffin Kwamik na Ingila

Zainab: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau dai ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ke cikin zaurenmu na WhatsApp ya ga hoton nan.

Nura: Hoton kwalin nan. Wallahi har yanzu ban daina tunaninsa ba.

Zainab: Wani mai sauraronmu ne ya buɗe ɗakin ajiyar mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya tarar da kwali cike da tsoffin mujallun labaran zane na Birtaniya, su Beano da Tiger da Commando, gara ta shiga ta ƙasa ta cinye fiye da rabi. Tun daga ranar saƙonni ba su tsaya ba. Yaya Bashir, kai ne ka fi kowa jin zafin abin.

Bashir: Zainab, bari kawai. Sai da na ajiye wayar na tashi na zagaya tsakar gida. Domin na san abin da ke cikin irin wannan kwalin. Kuma mutane ba su gane ba, waɗannan mujallun tun asali ba don a ajiye aka buga su ba. Takarda ce mafi araha, irin ta jarida. Yaro ya saya da kuɗin kashewarsa, ya karanta, ya ba abokinsa, mako ya zagayo a jefar. Ita kanta takardar akwai asid a jikinta, ko ba gara, da kanta take yin ja, ta bushe, ta riƙa karyewa kamar ganyen kuka. Ga 'yan ƙarafan nan biyu da ake ɗinke tsakiya da su, da sun sha danshi sai tsatsa, tsatsar ta ci shafin tsakiya.

Nura: Balle a nan, damina ta jiƙa, hunturu ya busar.

Bashir: Yauwa. To ko a can Ingila ɗin ma ba su tsira ba. Dandy ta fara fitowa a Disambar 1937, Beano ta biyo a Yulin 1938, duk daga kamfanin DC Thomson da ke Dundee a Sikotlan. Shekara ɗaya da 'yan watanni sai yaƙin duniya na biyu. Takarda ta yi ƙaranci har aka koma yi musu karɓa-karɓa, wannan makon Beano, mako mai zuwa Dandy, sai 1949 suka dawo kowane mako. Kuma a lokacin ana bi gida-gida ana tara tsohuwar takarda don a sake sarrafa ta, yara da kansu suke kai nasu. Shi ya sa Beano ta farko 'yan ƙalilan ne suka rage, abin da aka sayar kwabo biyu har an taɓa sayen sa a gwanjo sama da fam dubu goma.

Zainab: Kwabo biyu!

Bashir: Kwabo biyu, har da kyautar abin rufe fuska a ciki.

Nura: Yaya, tsaya. Dandy ita ce mai ƙaton mutumin nan ko? Mai haɓa kamar turmi?

Bashir: Desperate Dan. Mutumin da ke aske gemu da wutar walda.

Nura: Shi! Wanda ake gasa masa saniya guda a cikin fanke.

Zainab: Ba fanke ba ne, Nura, kar ka ɓata wa mutane tarihi. Irin burodin nan ne da ake cusa nama a ciki a gasa.

Nura: To amma da ƙahonin a waje. Ni abin da ya dame ni tun ina ganin zanen, wane irin tanda ne zai ɗauki saniya? Ko mai gurasa na bakin kasuwa ba shi da wannan.

Bashir: Gwaggonsa ce ke gasawa, Aunt Aggie.

Zainab: Allah Sarki gwaggo. Ita kaɗai? Ba 'yan taya aiki?

Nura: Ai da a garinmu ne, da safe za a aika wa sarkin fawa, a ce baƙo ya sauka. Kai da ƙafa daban, kayan ciki daban, ganda daban.

Zainab: Shi ba ya son daban-daban, a haɗe yake so.

Nura: To yaji fa? An taɓa zana shi da yaji?

Bashir: Ban taɓa gani ba.

Nura: Ka ji matsalar. Saniya guda ba yajin ƙuli, ba albasa. Wannan ai wahala ce.

Zainab: Ka kai shi Tsafe ko Mararraba ya ga yadda ake nama, ya dawo ya ba gwaggo labari.

Nura: Ranar Babbar Sallah kuwa unguwa guda za ta ɓoye ragunanta.

Bashir: Kun san har mutum-mutuminsa aka kafa a tsakiyar Dundee? Yana tafe da karensa.

Nura: Da kwanon a hannu?

Bashir: A'a, mujallar ce a hannunsa. To ku bar ni in dawo, don Dandy ɗin nan ita ce hujjata a kan abin da nake son faɗa. A Disambar 2012, ranar da ta cika shekara 75, aka daina buga ta a takarda, aka ce ta koma intanet. Ba ta yi shekara ba a can aka rufe. Yau idan kana neman ta 1960 za ka samu a hannun masu tarawa, ka riƙe, ka buɗe. Waccan ta intanet ɗin fa, mai motsi da sauti? Nemo ta ka gani. Saboda haka duk mai ce mini "a saka a kwamfuta kawai an gama", ina ce masa bai gama ba.

Nura: Amma Yaya, ba don sikanin ba, wato ɗaukar hoton shafuka a saka a kwamfuta, ni da ban taɓa ganin mujallar Eagle da idona ba.

Bashir: Ban musa ba, ni ma ina yi. Eagle ma ai misali ce mai kyau. 1950 ta fito, wani limamin coci Marcus Morris ya kafa ta, Frank Hampson yana zana jaruminta Dan Dare, fitowar farko ta sayar da kusan dubu 900. Launinta ya fi na sauran nesa ba kusa ba, kuma idan ka ɗauke ta da kyamarar waya a ƙarƙashin ƙwan ɗaki ka kashe launin nan. Abin da nake cewa, a yi shi da kyau. Na farko, kar ka danne mujalla a kan gilashin sikana da ƙarfi, bayanta zai tsage. Na biyu, ka ɗauka da ɗigo 600 a kowane inci, ka ajiye uwar a TIFF, fayil ɗin hoto mai cikakken inganci, ba tare da ka taɓa ta ba, sannan ka fitar da ƙaramin JPEG na karatu.

Nura: A haɗa su a CBZ.

Zainab: Ku yi mana Hausa.

Nura: Anti, ba wani abu ba ne, hotunan shafuka ne a jere aka ƙulle a fayil ɗin zip aka canza masa suna. Akwai manhajojin da ke buɗe shi kamar littafi.

Bashir: Kuma abin da ya fi ci mini rai, masu goge shafi ya koma fari fat, su ƙara wa launi kauri har ɗige-ɗigen bugun su ɓace. Wannan ba abin da yaron 1955 ya gani ba ne. Sannan a cire tallace-tallace, a cire shafin wasiƙu, wai labarin kawai ake so. Haba! A shafin wasiƙun nan ne za ka ji muryar yaran da kansu, a tallan ne za ka ga nawa ake sayar da keke da alewa. Ko kamfanin Rebellion na Oxford, da suka sayi mujallar 2000 AD a shekarar 2000, suka sayi tarin tsoffin mujallun kamfanin Fleetway a 2016 har da Roy of the Rovers, suna aiki mai kyau ƙwarai, suna gyara zane suna sake bugawa a littattafai masu kauri. Amma labari suke tsamowa. Mujallar gaba ɗayanta, daga bango zuwa bango, sai a wurin mai kwali.

Zainab: To ga tambayar da mutum uku suka turo. Halal ne ka yi sikanin ka watsa?

Bashir: Ajiyewa daban, watsawa daban. A dokar Birtaniya haƙƙin mallaka yana nan har shekara 70 bayan mutuwar mai aikin. Dudley Watkins, wanda ya ƙirƙiro zanen Dan ɗin da kuke ta yi wa dariya, a 1969 ya rasu, ku yi lissafi. Kuma kamfanonin suna raye. Ni abin da nake yi, na hannuna ina ɗauka in ajiye, wanda aka sake bugawa kuma in saya, don da kuɗin nan ake gyara na gaba. Amma zan faɗi gaskiya, akwai mujallun da ba wanda zai sake bugawa har abada, musamman na 'yan mata, irin su Bunty da ta yi daga 1958 zuwa 2001. Dubban shafuka, yawanci ma ba sunan mai zane a jiki, don kamfanonin ba sa bari a sa hannu. Masu sha'awa ne ke zama suna kwatanta salon zane suna gano wane ne ya yi wane. Ba tare da hotunan nan ba, ta yaya za su yi?

Nura: Ba akwai British Library ba, babban ɗakin karatun ƙasar Birtaniya? Na ji doka ce duk abin da aka buga a kai musu kwafi.

Bashir: Doka ce. Amma ka tuna Oktoban 2023, da masu kutse suka shiga kwamfutocinsu, wata da watanni mutane ba sa iya duba kundin sunayen littattafai yadda suka saba. Takardun suna nan lafiya a kan kanta, hanyar nemo su ce ta toshe. Shi ya sa nake cewa kwafi uku, a wuri daban-daban, ɗaya ma ba a gidanka ba. Kuma kar ka yar da takardar don ka ɗauki hotonta. Akwai fitowar mujallar Action ta 23 ga Oktoban 1976, an riga an buga, surutu ya yi yawa a kan zubar da jinin da ke ciki, kamfanin ya sa aka niƙe ta. 'Yan kwafin da suka kuɓuta, mutane ne suka ɓoye.

Zainab: Yaya Bashir, saura minti uku, kuma mun yi alkawarin jero kayan da mutum zai tanada.

Bashir: Bari in faɗi wannan tukuna, don shi ne ya hana ni barci. Powerman. A tsakiyar shekarun 1970 aka riƙa buga shi don kasuwar Najeriya, jarumi baƙar fata, amma Turawan Ingila ne ke zanawa, Dave Gibbons da Brian Bolland, tun kafin su yi suna. Gibbons ɗin nan shi ne daga baya ya zana shahararren kwamik ɗin nan Watchmen. A nan aka sayar da shi, ba a Landan ba. Ma'ana idan akwai sauran kwafi masu kyau, suna ƙarƙashin gadon wani a Kaduna ko Jos ko Legas, cikin akwatin ƙarfe, tare da tsoffin takardun makaranta. Ina roƙon duk wanda ke jin mu, kafin ka ce wa yara su share ɗakin Baba su ƙone tarkace, ka buɗe da kanka.

Nura: Ni ma zan kira Kawu a daren nan.

Zainab: Jerin kayan fa?

Bashir: Leda marar asid, kwali mai tauri a baya, a ɗaga daga ƙasa, a nisanta da bango. Sauran Nura zai rubuta ya saka a zaure.

Nura: Ni kuma?

Zainab: Kai. Mai kwalin nan kuma, don Allah kar ka zubar da ragowar, ko rabin shafi ne, ka shanya a inuwa ka turo mana hoton bangon kowace. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.