Kawu, kar a sake sa guduma: abin da ke sa fanci maƙalewa cikin ƙarfe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, mutanen Gusau ina gaisuwa, na Tudun Wada da na Sabon Gari, da masu kallonmu daga Ƙaura da Mafara, ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji a bayana, ina cikin kamfani ne nan Bursa ta ƙasar Turkiyya, an ba mu hutun shan shayi shi ne na ce bari in kama waya in yi wanga bidiyo tun abin bai fita raina ba. Sanyi ake sosai, dutsen Uludag ya yi fari fat da ƙanƙara, shi ya sa kuka gan ni cikin wagga rigar.

Dalilin bidiyon ga, shekaranjiya da dare Kawuna ya kira ni, mai shagon walda can gida, shi ya koya min riƙe ƙarfe tun ina ɗan firamare, ya ce injin huda ƙarfen da ya sawo Kofar Ruwa a Kano ya fara yi mashi gardama, in fanci, wato bakin da ke huda ƙarfen, ya shiga fallen ƙarfe sai ya ƙi fitowa, ya ɗago da ƙarfen gaba ɗaya, yaran shago su sa guduma su yi ta bugu har ya saki. Wallahi da ya ce guduma sai da gabana ya faɗi. Kawu in kuna kallo, don Allah don Annabi ku hana su, ni na san mi guduma ke yi ma fanci, kuma na san mi injin ga ke yi ma yatsa.

To ku matso ku gani. Wanga da ke hannuna na dama shi ne fanci, mu ce mashi namiji, wagga mai rami kuma ita ce macen, ita ke zaune a ƙasa. Fallen ƙarfe na shiga tsakaninsu, namiji ya sauko da ƙarfi ya ɓalle ɗan guntu kamar kwabo ya tura shi cikin ramin macen, sai ya koma sama. Injin da muke aiki da shi nan kwamfuta ke tuƙa shi, yana da faifai mai juyawa da ke ɗauke da fanci iri-iri, irin waɗanda kamfanoni kamar Amada na Japan ke ƙerawa, nan Bursa ma akwai Durma da Ermaksan masu ƙera injinan ƙarfe. Na Kawu kuwa tsoho ne mai babbar taya da ake taka ƙafa. Amma ciwon iri ɗaya ne, abin da ke maƙale fanci a nan shi ke maƙale shi a Gusau.

Babban abin da mutane ba su kula da shi ba shi ne ratar da ke tsakanin namiji da mace. Ramin macen dole ya ɗan fi namiji faɗi, kuma ba da ka ake yi ba, kaurin ƙarfen da za ka huda shi ke faɗa maka. Baƙin ƙarfe na yau da kullum wajen kashi 20 cikin 100 na kaurinsa ake ba shi, ke nan in fallenka milimita 2 ne ratar 0.4 ce, fanci mai milimita 10 macensa 10.4. Alminiyam mara kauri wajen kashi 15, sitenles kuma da yake yana da taurin kai ana kai shi kashi 25. To kun ga matsalar, mutum yana da mace guda ɗaya tak da ta zo da injin, da ita zai huda milimita 1, da ita zai huda milimita 3, wani ma har 4, sannan ya ce injin ne ba shi da kyau.

In ratar ta yi kaɗan ƙarfen ba ya tsagewa yadda ya kamata. Don asali hudawa ba yanka ba ce har ƙasa, fanci na ɗan nutsawa ne sai ƙarfen ya tsage daga sama ya tsage daga ƙasa, tsagar biyu su haɗu, kwabon ya faɗi. In rata ta matse ba za su haɗu ba, sai fanci ya yi ta gurzar bangon ramin, zafi ya taso, ƙananan ɓurɓushin ƙarfe su liƙe a jikinsa kamar an yi masu walda, kuma shi ramin da kansa yana ɗan tsukewa bayan an huda shi ya riƙe fanci gam. Sifirin, wato ƙarfen nan mai lotsewa ya dawo, da aka sa ya danne fallen don fanci ya zare kansa, sai ƙarfinsa ya kasa. Shi ke nan an maƙale.

Ni kaina abin ya same ni, wata na uku da fara aiki nan. Mun gama huda galbanaiz milimita 1 na akwatunan wutar lantarki, aka kawo baƙin ƙarfe milimita 3, na canza komai a kwamfuta amma mace ɗaya ban canza ta ba. Bugu bai fi ashirin ba na ji ƙarar ta sauya, kafin hannuna ya kai maɓallin tsayarwa fanci ya maƙale, injin kuma ya ja fallen gefe fanci na ciki, fallen ya tanƙware kamar takarda, bakin fanci ya karye. Na yi zaton ranar aikina ya ƙare. Ubangidana na wurin, usta suke ce ma irinsu nan, dattijo ne mai furfura, bai ɗaga murya ba, ya duƙa ƙarƙashin injin ya tsinto kwabo guda cikin shara ya ɗora min a tafin hannu, ya nuna min gefensa da farce. Lokacin Turkancina bai wuce gaisuwa ba amma na gane.

Ga irinsa nan, bari in kawo shi kusa da kyamara, Allah sa ya fito. Kun ga gefen, akwai wuri mai sheƙi sumul, sai wuri mai kaushi. In komai daidai ne mai sheƙin ga bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin ba, sauran duk kaushi. Wanga na biyu kuma ku duba, sheƙi ya cinye kusan duka, har layi biyu ya yi, to wanga rata ta yi kaɗan, fanci na shan wahala. In kuma kwabon ya lanƙwashe kamar ƙwarya, bakinsa ya yi kaifi yana yankar hannu, rata ta yi yawa ko baki ya dakushe. Kawu abin da nake so ke nan, ku sa a tsinto maku kwabo biyar daga ƙasan injin ku duba da rana tsaka.

Sai zancen wasawa, nan kam zan ɗan daɗe don nan ake kashe fanci. Fanci in ya dakushe ƙarfin da yake buƙata ƙaruwa yake, zafi ya ƙaru, liƙewa ta ƙaru. Mu nan ba a jira sai ya mutu, da gefen bakin ya ɗan zagaye kamar 0.1 na milimita ake cire shi a wasa, in ka goga farcenka a bakin ka ji bai kankare ba to lokaci ya yi. Kuma kaɗan-kaɗan ake ci, ruwan sanyayawa na zuba a kai. Abin da na san ana yi a gida, a kama shi a bais mai matse ƙarfe a ɗauko giranda ta hannu a danna mashi har bakin ya yi shuɗi, to wanga shuɗin da kuka gani taurin ƙarfen ne ya tafi, ya zama lagwani, kwana biyu zai sake dakushewa, ga shi bakin ba zai taɓa yin daidai ba sai ya karkace, in ya karkace kuma gefe ɗaya yake ci yana gogar macen. Gara a biya kuɗin mota a kai shi wurin masu injin wasa na tebur. In an wasa a can kuma a tuna teburin nasu maganaɗisu ne, fanci na fitowa da shi a jiki, sai ya dinga ɗago kwabon maimakon ya bar shi ya faɗi, bugu na gaba ya samu ƙarfe biyu a gabansa. Gwajin ba wuya, a kawo allura kusa da bakin, in ta manne sai an cire maganaɗisun tukun. Tsawon da ya ragu wurin wasa kuma a cike shi da siririyar wosha ko a gyara saiti, don fanci ya shiga macen yadda ya kamata.

Shi kuma wanda ƙarfe ya riga ya liƙe a jikinsa, kar a kai mashi fayil. Dutsen wasa mai laushi da ɗan mai, a goga a tsaye daga sama zuwa ƙasa, yadda fanci ke tafiya, kar a zagaya shi, don zanen da aka yi a kwance shi ke riƙe ɓurɓushi gobe.

Mai kuma, na san baƙin mai na mota ake shafawa don shi ne a kusa kuma kyauta ne. Ya fi babu, ban musa ba, amma cike yake da dattin inji, ga ƙurar hunturu ta Gusau da ke shiga har cikin hanci, in suka haɗu a jikin fanci sun zama kamar yashi. A samu mai mai tsabta mara kauri, a shafa ma fallen sama da ƙasa, a goge fanci da tsumma kullum kafin a tashi, a rufe injin da buhu da dare. Alminiyam da galbanaiz su suka fi son liƙewa, su kam kar a huda su a bushe ko rami ɗaya ne. In ramuka sun yi yawa a dinga taɓa jikin fanci bayan an kashe inji, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa a bar shi ya huce.

Akwai kuma mai son huda ƙaramin rami a ƙarfe mai kauri, milimita 3 cikin falle mai milimita 5, wanga ba aikin fanci ba ne, a ɗauko diril. A baƙin ƙarfe faɗin fanci kar ya kasa kaurin fallen, a sitenles ma ninki biyu ake so. Sifirin da ya gaji a canza shi, namiji da mace a tabbatar suna kallon juna tsakiya da tsakiya, a sauko da shi a hankali da hannu a gani kafin a ba shi wuta.

To in ya riga ya maƙale fa? Nan ne nake roƙonku. A kashe wuta, a jira babbar tayar nan ta tsaya cik, don ko NEPA ta ɗauke tana ci gaba da juyawa da ƙarfinta, kuma ramin milimita 20 a falle mai milimita 3 kusan tan 7 injin ke saukewa a kai, yatsa ba komai ba ne a wurinsa. A sa katako a tokare, kar kowa ya kusanci abin takawa, a zuba mai a bakin ramin, a kwance fanci daga sama a fito da shi tare da fallen, sannan a tura shi a tsaye a kan benci. Bugun gefe da guduma ko dai ya tsaga shi, don ƙarfe ne mai tauri da ke fashewa kamar tangaran, ɓallin ya tashi ya samu ido, ko ya karkatar da mazauninsa, daga nan kuma kowane fanci kuka sa sai ya maƙale. Yaran ga 'ya'yan mutane ne aka ba ku amana Kawu, ƙaramin cikinsu ma ɗan ƙanwata ne.

Ga usta can yana ɗago min hannu, shayi ya ƙare. Kawu ku sa a auna min faɗin fancin da na ramin macen, da kaurin fallen da kuka fi hudawa, a ɗauko hoton kwabon nan ta gefe a turo min ta WhatsApp, in na tashi aiki bayan isha zan kira mu lissafa macen da za a yanko maku. Sai an jima jama'a.